Rijiya Mai Gaba Goma Sha Tara

Ban taɓa mantawa da ranar da wani tsoho, wanda bai taɓa riƙe biro ba, ya kama ni da kuskure a cikin taswirar da na fi alfahari da ita duk tsawon aikina. Ku sababbin zuwa kuna yawan tambayata dalilin da fom ɗinmu na rijiyoyi yake da wani gurbi mai cewa "Wa ya auna, da me ya auna?" Wasunku har da gunaguni wai ɓata takarda ne. To ku gyara zama, yau za ku ji inda gurbin nan ya samo asali.

A lokacin ina babban jami'i a sashen nazarin ƙarƙashin ƙasa, mataki biyu tsakanina da Darakta. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne mu gaya wa mai injin haƙa burtsatse inda zai kafa injinsa da zurfin da zai kai kafin ya sami ruwa. Ƙasar Boɗinga da Shagari hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka jibga. Daga sama jar ƙasa ce da marmara, sai farin dutse mai ramuka wanda ke riƙe ruwan damina. Rijiyoyin hannu duk a nan suke sha, shi ya sa da bazara ta yi tsanani sai su ƙafe. Ƙarƙashin farin dutsen akwai baƙar laka mai kauri wadda ba ta ba da ko ɗigo. Sai ka huda ta ka wuce, sannan ka tarar da rairayi mai laushi, kuma a nan ruwan da ba ya yankewa yake.

Da can duk wannan ilimi a takarda yake, takardar kuma a durowa, makullin durowar a aljihun mutum ɗaya. Sai aka tura ni kwas na koyo yadda ake haɗa taswira mai jiki a kwamfuta. Ba irin wadda ake shimfiɗawa a tebur ba, a'a, wannan kamar an yanko maka gundumen ƙasa an ɗora a tafin hannunka. Ka sa yatsa ka juya ta, ka kifa ta, ka yanka ta a tsakiya ka ga farin dutse da baƙar laka da rairayi kowa da launinsa. Kowace rijiya tana tsaye a ciki kamar tsinke, in ka taɓa ta sai zurfinta ya fito. Na sha wuya wajen rage mata nauyi don ta buɗe ko a ƙaramar waya, ko a inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa. Da na gama na ce a ɗora ta a intanet, a tura adireshin ga ƙananan hukumomi da masu inji da duk mai so.

Darakta bai so ba. Mutum ne mai tsoron bakin jama'a, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba.

Ya ce, "Umaru, in takarda na cikin durowa, kuskurenmu namu ne. Ka sa a intanet, kowane mai waya ya zama injiniya."

Ni kuwa lokacin kaina ya yi girma, na ce, "Ranka shi daɗe, ai babu kuskure a ciki."

Ya dube ni ta saman tabarau ya sa hannu. Ku riƙe wannan magana tawa, za mu dawo kanta.

Yanzu bari in gaya muku inda na samo lambobin da na gina taswirar. Ta ɓangaren Boɗinga, garinmu, babu matsala, akwai tsofaffin rahotannin burtsatse da yawa kuma duk da mita aka rubuta su. Amma ta Shagari, musamman in ka wuce Horo Birni, burtsatse biyu ne kawai masu rahoto, kuma nesa da juna. Daga su na san kaurin baƙar laka, wajen mita arba'in. Abin da ban sani ba shi ne inda take farawa a kowane wuri. Sai dabara ta faɗo mini. Mahaƙan rijiyar hannu suna tsayawa ne daidai inda suka taɓa baƙar laka, don sun san ba ta da ruwa. Ke nan zurfin tsohuwar rijiya shi ne inda lakar ta fara. Bayan kaka na hau babur na bi ƙauyuka ina tambayar tsofaffin mahaƙa, suna faɗi ina rubutawa a ɗan littafin aljihu. Lamba kawai nake rubutawa. Sai bayan wata uku na zauna a ofis na zuba su cikin kwamfuta, a layin da ke cewa mita.

Akwai wata tunga gaba da Horo Birni, mai ɗan asibiti guda da masallaci da makarantar allo. Sau biyu ana kai musu inji a shekarun baya, sau biyu ana tashi babu ruwa. A tsarinmu na lokacin, in aka yi na uku bai ba da ruwa ba, sai a rubuta wa wurin "babu ruwa a ƙasa" a mayar da sunansa ƙarshen layi, wanda a gaskiya yana nufin an manta da shi. Da bazara matan tungar sukan yi tafiyar da ta fi awa guda zuwa fadama. Mai kula da asibitin, Malama Saratu, wadda aka turo daga Sakkwato, da ruwan jarka take karɓar haihuwa. Wannan karo na uku ni na zaɓi wurin daga taswirata. Ta nuna laka tana farawa a mita goma sha tara, ta ƙare wajen sittin. Na rubuta a haƙa mita saba'in, aka ba wani mai inji, Alhaji Garba, takarda ya tafi. Ni ko leƙawa ban yi ba. Me zan je gani, alhali ina ganin ƙarƙashin ƙasar daga kujerata?

Wata Laraba da hantsi waya ta yi ƙara. Malama Saratu ce. Ta samo lambata a ƙasan shafin taswirar.

Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Umaru, mai inji ya kai inda aka ce ya kai, babu komai sai baƙar laka. Ya ce bayan Azahar zai naɗe kayansa, ana jiransa a Dandin Mahe."

Kafin in yi magana ta ƙara da cewa, "Sannan akwai wani dattijo a nan, Baba Mamman, ya ce taswirarku ta yi wa rijiyarsa ƙarya."

Wallahi raina ya ɓaci. Ga aiki ya lalace, ga kuma abin da Darakta ya faɗa ya tabbata, kowa ya zama injiniya. Saura kaɗan in ce mata ta tsaya ga allurarta. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na ce ta roƙi Alhaji Garba ya jira ni, na karɓi motar ofis na kama hanya. Na wuce Boɗinga ko gida ban leƙa ba, duk hanya ina shirya yadda zan yi wa tsohon bayani a hankali cewa kwamfuta ba ta ƙarya.

Na tarar da dattawan tungar zaune a inuwar asibiti, jugum, kamar gidan makoki. Malama Saratu ta gaya mini yadda aka yi. Ita ta ga adireshin taswirar a zauren waya na ma'aikatan ƙaramar hukuma. Da safen nan, da labari ya bazu cewa ramin bai ba da ruwa ba, ta buɗe ta nuna wa dattawa don su ga dai ba da gangan aka yi ba. Tana juyawa suna kallo. Sai Baba Mamman ya ce a nuna masa rijiyar bakin masallaci, wadda ya haƙa da hannunsa. Ta taɓa tsinken ta karanta masa, mita goma sha tara. Ya ce mene ne mita? Ta kai shi gaban allon da take auna tsayin yara ta nuna masa. Ta ce dariya ya yi har da riƙe ciki.

Dogon tsoho ne, ƙasusuwa manya, hannuwansa kamar ba su da iyaka. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙare mini kallo.

"Kai na ɗan Boɗinga da yaz zaka bisa babur bayan kaka?"

"Ni ne, Baba."

"Mi nic ce maka zurfin rijiyar masallaci?"

"Goma sha tara, Baba. Ga shi ma a littafina."

"Goma sha tara ɗin mi?"

A nan take na gane, kuma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da aka haifa a Boɗinga, ni da kakana ke cewa rijiyar gidanmu gaba kaza ce. Mahaƙin rijiya bai san mita ba, da gaba yake awo, wato ya ware hannuwansa biyu daga yatsa zuwa yatsa. Na sani tun ina yaro. Amma da na zauna gaban kwamfuta na ga layi ya ce mita, sai na zuba lambar na wuce.

Baba Mamman bai tsaya jin ta bakina ba. Ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar igiya mai ƙulle-ƙulle, ya ce mu je. A bakin rijiyar masallaci ya ɗaura dutse ya zura. Rijiyar a ƙafe take, muna jin dutsen ya taɓa ƙasa. Ƙulli na goma sha tara ne a bakin rijiya, ba ƙari ba ragi. Na ciro tef na auna tsakanin ƙulli da ƙulli, mita ɗaya da santimita tamanin.

Ya ce, "Wagga igiya gabana ce. Ta ubana ba ta kai haka ba, shi gajere na. Kowa da tashi."

Na yi lissafi a bayan littafin. Gaba goma sha tara na Baba Mamman mita talatin da huɗu ne. Ke nan na ɗaga baƙar laka sama da mita goma sha biyar daga inda take. In ta fara a talatin da huɗu, ba za ta ƙare a sittin ba, sai wajen saba'in da biyar. Alhaji Garba ya tsaya ne saura ƙiris ya fasa ta.

Amma na riga na ƙone sau ɗaya, ban yarda da lissafi kaɗai ba. Masu inji suna da al'ada, duk fayif ɗin da ya shige ƙasa, mai tsawon mita uku, sai su ɗebi abin da ya fito su tara ɗan tsibi a gefe, a jere. Na je na bi tsibin ina ƙirgawa. Ja, ja, fari, fari, haka har na sha ɗaya. Na sha biyu ne ya fara baƙi. Sha biyu sau uku, talatin da shida. Igiyar tsoho da tsibin inji sun yi magana ɗaya, taswirata ce ta fita daban.

Na juya kan Alhaji Garba da faɗa, don lokacin ina neman wanda zan sauke wa. Na ce ya ga laka ta makara haka, me ya hana shi kira na?

Yana goge hannu da tsumma ya ce, "Ni takarda aka ba ni ta ce saba'in, na yi saba'in. Tun da muka kafa inji, ka tako nan ka tambaye ni abin da na gani?"

Gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya ƙara fayif biyar. Ya ce ba ya ƙara ko taku ɗaya sai da izinin Darakta a rubuce, kuma in an yi sallar Azahar babu izini, shi ya tafi.

To ga inda abin yake. Neman izini yana nufin in kira mutumin da na ce wa babu kuskure, in gaya masa akwai, kuma nawa ne, kuma duk wanda ya buɗe shafin nan ya gani. In na yi shiru, rahoto zai ce an haƙa babu ruwa, ba wanda zai zarge ni, ƙasa za a zarga. Ba zan ɓoye muku ba, tunanin ya zo mini. Sai na hango mata uku sun dawo daga fadama da jarkoki a ka, sun tsaya daga nesa suna kallon injin. Na buɗe kwamfuta a kan bonet ɗin mota.

Gyaran bai ɗauki minti ashirin ba. Ɗora shi a intanet ne ya so ya kashe ni, don netwok a tungar sai a kan wani tudu bayan makarantar allo. Can na tsaya cikin rana, kwamfuta a hannu ɗaya waya a ɗaya, har ya hau. Ban goge tsohuwar ba, na bar su biyu gefe da gefe. Sannan na kira Darakta na ce ya buɗe shafin a ofishinsa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ka yanka ta daidai tungar. Ka ga jan tsinken? Ramin Alhaji Garba ne. A ta hagu ya shiga rairayi, wannan ita ce tawa ta farko, kuma kuskure ce. A ta dama ka ga inda ya tsaya."

Ya buɗe ya duba. Sai ya ce, "Saura kaɗan ke nan."

"Saura kaɗan, ranka shi daɗe."

"Wa ya gano?"

Na gaya masa. Ya ja numfashi ya ce, "Umaru, me na ce maka ranar da na sa hannu?"

"Ka ce kowa zai zama injiniya. Ranka shi daɗe, da tana cikin durowa, da yanzu inji yana hanyar Dandin Mahe."

Ya ce fayif biyar, kada a ƙara ko ɗaya, kuma gobe in kawo masa bayani da rubutun hannuna. Saƙonsa ya shigo wayar Alhaji Garba ana kiran sallah.

Bayan mun idar aka tayar da inji. Fayif na farko ya shige, baƙar laka. Na biyu ya shige, baƙar laka. A lissafina nan ya kamata ta ƙare. Alhaji Garba ya dube ni, ni kuwa na kasa kallon dattawa. Baba Mamman kuwa ya tsuguna a bakin kwatar da ke fitar da taɓo, kowane ɗan lokaci ya sa hannu ya ɗebo ya murza. Na uku ya kai rabi sai kukan injin ya sauya, ya yi sauƙi. Tsohon ya ɗebo, ya murza, ya kai baki ya ɗan tauna, ya tofar.

Ya ce, "Rairayi na."

Ni dai zama na yi a ƙasa da farin wandona. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Sauran fayif biyun suka shige cikin rairayi. Aka kwana biyu ana saka bututu ana wanke rami, ranar Juma'a ruwa ya fito tas. Malama Saratu ce ta fara tara bokiti ta kai ɗakin haihuwa.

Na rubuta wa Darakta bayanin da ya nema, ban rage komai ba. Na ɗauka zai ce a sauke shafin. Sai ya ce a bar shi, a ƙara masa wurin da kowa zai iya aiko da gyara, kuma in koma kan duk rijiyoyin da na rubuta a littafin aljihu. Wata guda na yi ina yawo da tef ina auna hannuwan tsofaffi. Waɗanda suka rasu, na nemi igiyoyinsu wurin 'ya'yansu na auna ƙulli. Ba gaba biyu da suka zo daidai. Tun daga nan masu inji suka fara aiko mana da hoton tsibinsu, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suna aiko da labarin rijiyar da ta ƙafe ko ta rufta. Taswirar da kuke aiki da ita yau ta fi wadda na gina nesa ba kusa ba, kuma ba ni na gyara rabinta ba.

Da na koma tungar na nemi Baba Mamman ya ba ni igiyar in rataya a ofis. Ya ce sam, in ina so in ƙulla tawa. Abin da ya nema shi ne a sake nuna masa rijiyarsa. Malama Saratu ta buɗe, ta taɓa tsinken, ta karanta masa abin da na rubuta: rijiyar Baba Mamman, gaba goma sha tara, mita talatin da huɗu. Ya sa ƙaton yatsansa ya juya taswirar da kansa, ya leƙa ta ta ƙasa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "To, yanzu ta kai."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Taswirar nan tana da kyau, tana juyawa, tana da launi, har takan sa mutum ya ɗauka ya ga ƙarƙashin ƙasa. Ba ku gani ba, ni ma ban gani ba. Waɗanda suka gani su ne waɗanda suka shiga ramin da igiya a ƙugu, da masu inji da taɓo ke fallatsar wa fuska. Amfanin sa ta a intanet ba don a yaba mana ba ne, don ta isa hannun wanda zai iya cewa kun yi ƙarya ne, kuma ta isa kafin inji ya tashi. Za ku ji kunya, na ji tawa a gaban gari guda, amma mutanen tungar nan har yau suna shan ruwa.

Saboda haka in kun fita ƙauye wani dattijo ya ba ku lamba, kada ku rufe littafi. Ku cika gurbin nan da kuke rainawa. In kuwa kun manta da duk abin da na faɗa yau, ku riƙe tambayar da aka yi mini ina durƙushe a inuwar asibiti: goma sha tara ɗin mi?